Dadda Haddu da Tabaran Amarya

A garinmu Tawrirt, in dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba, abin da za ka fara ji da safe shi ne shebur ɗin katakon Dadda Haddu a saman soron wani. Ƙurrr, sai shiru, sai ka ji tim a cikin lungu. Katangarmu ɗaya da shi shekara talatin da ɗaya ke nan, tun ranar da aka kawo ni gidan miji, don haka abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi.

Magini ne. Lokacin zafi yana gini da ƙasa da dutse, ya jera azara, ya yi daɓen rufi. Da sanyi ya shigo sai ya koma tsaron abin da ya gina, domin rufin ƙasa ba ya son ƙanƙara ta yini a kansa. Rana na taɓa ta za ta narke ta nutse cikin daɓen, kafin jibi ɗaki ya fara ɗiga. Mazan garin kuwa rabinsu suna Kazablanka ko gonakin Agadir sai sanyi ya wuce, har da mijina Addi. Saboda haka Dadda Haddu ne ke bin gidaje da tsaninsa a kafaɗa. Wata ta ba shi sha'ir, wata ƙwai, wata kofin shayi kawai, bai taɓa tsayawa duba abin da aka miƙo masa ba.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa. A ƙasa ba shi da magana, sai dai ya gaishe ka ya wuce. Amma yana hawa sama bakinsa ke buɗewa, don daga can yana ganin tsakar gidan kowa.

"Tuda!" Haka zai ƙwala mini kira. "Akuyarki tana cin wandon Addi a kan igiya. In bar ta ko in yi magana?"

"Bar ta, Dadda, ta fi shi amfani da shi."

Kafin ya hau, kullum sai matarsa Lalla Ittu ta rambaɗa masa kwalli. Haka mahaifinsa ya yi, haka kakansa, wai yana rage ƙyallin ƙanƙara a ido. Duk da haka da yamma za ka gan shi idanu jawur, yana dafe da goshi. Ya ɗauka wannan ma cikin aikin yake, kamar kanta a tafin hannu.

Shekarar da ya cika hamsin da biyu aka yi wata ƙanƙara da har yau ake kwatance da ita. Kwana uku tana zuba ba tsayawa, a na huɗu gari ya waye tas, babu ko ɗigon gajimare. Ko'ina ka duba fari fat, rana tana dukan ƙasa tana dawowa cikin ido. Dadda Haddu ya fara da masallaci, ya bi gidajen tsofaffi. Rufi tara ya share daga fitowar rana zuwa la'asar, ko abincin rana a tsaye ya ci shi. Ya ce mini nawa sai gobe da sassafe.

Da magariba ya ce wa Lalla Ittu kamar an zuba masa yashi a ido. Ta duba ba ta ga komai ba. Da gari ya waye idanun suka ƙi buɗuwa, sai hawaye kawai ke kwarara. Na shiga na same shi zaune a lungun ɗaki an rufe taga da bargo, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Ban taɓa ganin tsoro a jikin mutumin nan ba sai ran nan.

"Tuda ce?" ya tambaya. "Shi ke nan, 'yar'uwa. Magini makaho, wa zai kira shi?"

Lalla Ittu tana matse tsumma a ruwan sanyi tana ɗora masa. Ta ce, "Ka yi mana shiru. Mutumin da ko ciwon haƙori sai ya bar wasiyya."

Wajen azahar Si Mbarak, malamin asibiti na ƙasan kwari, ya iso a ƙafa, ƙanƙara har gwiwa. Ya buɗe idon da yatsa, ya ɗiga magani, ya ce rana ce ta ƙona fatar idon, yadda take ƙona bayan wuya. Kwana biyu cikin duhu zai warke.

"Amma in kana maimaitawa, wata rana ba zai warke duka ba. Kwalli ba ya tare wannan. Baƙin tabarau za ka nema."

"Baƙin tabarau?" Dadda Haddu ya ɗago kai. "Ni jandarma ne, ko Bature mai hawan dutse?"

"Kai ne mai kuka ɗazu," in ji Lalla Ittu.

Kwana biyun suka cika, ido ya buɗe, ya yi ta duba hannuwansa yana hamdala. A lokacin kuwa rufina ya fara ɗiga, daidai kan shimfiɗar surukata da ba ta iya tashi. Na jera kwanoni uku, na ja ta gefe. Ban gaya masa ba, amma ta katanga ya ji ƙarar ɗigon a cikin kwano. Ya ɗauki tsani. Lalla Ittu ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ba inda za shi da ido tsirara.

Hanyar kasuwa a toshe take, ba mota sai bayan mako. Aka bincika garin kaf, tabarau ɗaya tak aka samu, na Tamu, 'yar ƙanwar Lalla Ittu, wadda aka yi bikinta da kaka. Angonta ne ya sayo mata a birni. Manya-manya ne, suna rufe rabin fuska, bakinsu fari, ga ɗan fure ruwan zinare a kowane gefe.

Dadda Haddu ya juya su a hannu ya daɗe. Ya saurari ɗigon da ke sauka a gidana. Sai ya maƙala su, ya ja hular jallabiyarsa, ya fita.

Assu mai kanti ne ya fara hango shi. Ya fito da gudu har yana zamewa.

"Jama'a ku fito, an kawo amarya! Lalla Haddu, ina lallen?"

"Lallen yana nan tafe," in ji Dadda Haddu, ya cika shebur ya juye masa a ka.

Mata suka leƙo ta tagogi, wata tsohuwa har da guɗa. Ni dariya ta hana ni riƙe tsanin da kyau. Shi kuwa ya ci gaba da aikinsa kamar ba da shi ake ba. Da ya sauko na kawo masa shayi da burodi da man zaitun, ya zauna a dokin ƙofa, ya cire tabarau ya ƙyafta ido, ya sake mayarwa.

"Tuda, kin san wani abu? Kaina bai yi ciwo ba." Ya kurɓi shayi. "Shekara talatin da biyar ina jin ciwon nan, na ɗauka haka sanyi yake. Kuma na ga tsagar da ke rufinki, ta kusa da indararo. Da can ƙyalli ba ya bari in ga irinta."

Tamu ta ce ya riƙe, ita dama kunyar sa su take ji a gaban surukai. Daga nan suka zama nasa. Kowace safiya ta ƙanƙara sai ya huro musu iska ya goge da gefen rawani kafin ya taka tsani. Da ɗansa Musa ya ji labari ya aiko masa da na maza daga Agadir, siriri mai kyau, a cikin 'yar jaka. Ya gwada yini ɗaya ya ce haske yana shiga ta gefe, ya ba liman. Hannu ɗaya na tabaran amaryar ya karye bayan shekara huɗu, ya ɗaure da zaren ulu ja daga saƙar Lalla Ittu.

Bai taɓa yi wa kowa wa'azi a kai ba. Sai dai mutane sun ga ya daina dafe goshi. Masu kai tumaki bakin rafi suka fara sa tabarau, sai mu mata masu zuwa ɗebo itace. Ni ma ina da nawa a cikin kwandon da nake ajiye allura. Assu da ya fi kowa dariya, shi ne ya fara rataye su a kantinsa kusa da batir da ashana, kuma in ya ga Dadda Haddu tafe sai ya ce, "Ga uwar ɗakin sana'ata nan."

Yanzu shekarunsa saba'in da huɗu. Gidaje da yawa sun koma siminti, ba ruwansu da ɗiga. Bai ji haushi ba, ya ce gwiwoyinsa ma sun gode. Rufi uku kawai yake hawa, nasa, nawa da na masallaci, shi ma sai rana ta ɗan ɗaga. Har yau yana zura zare a allurar ɗinkin buhu da kansa, abin da Addi, wanda Dadda Haddu ya girme shi da shekara goma sha biyu, ba ya iyawa.

Makon jiya aka yi ƙanƙarar farko a bana, ba ta da yawa. Ya gama nasa rufin, Lalla Ittu ta hau da butar shayi a hankali, mataki ɗaya-ɗaya, ta ce in biyo ta. Muka shimfiɗa buzu muka zauna mu uku, rana tana ɗumama mana baya, hayaƙi na tashi daga kowane gida. Ya ba mu labarin jikarsa da ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya a Azilal, ya faɗa sau biyu, muka yi kamar ba mu ji na farkon ba. Sannan ya miƙa wa Lalla Ittu kofinsa ya ce sukarin bai ji ba. Ta ce haka Si Mbarak ya ce a riƙa ba shi. Ya yi ɗan gunaguni, ya shanye, ya nemi ƙari.