Malam A-Sake, Ɗakin Sama Ya Yi Shiru

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ina goge ƙafar wani tebur a shagona, ƙaninka ya kira ni ya ce ka cika. Ciwon ƙodar da ka yi shekara biyu kana ɓoye wa ɗalibanka shi ya zama ajalinka. Yau kwana goma sha tara ke nan, sai yanzu na iya riƙe biro.

Ni kafinta ne, ban san kan kiɗa ba. Shekara goma sha uku da suka wuce ka karɓi ɗakin da ke saman shagona, ka hau da jita uku, da ganguna, da wani tsohon piyano mai matattun maɓallai biyu. A makon farko na hau in yi maka faɗa kan hayaniya. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "Yallaɓai, tun safe zartonka ke kuka a kunnena, kuma bai taɓa faɗawa daidai da kiɗa ba." Na yi dariya ba da niyya ba. Ban sauko ba sai da na gyara maka benci biyu.

Yara ne suka sa maka A-Sake. Ko yaro ya kaɗa daidai, ko ya ɓata, maganarka ɗaya ce: "A sake." Ba ka taɓa cewa wani bai iya ba. Samari da 'yan matan da ke hawa wannan bene yawancinsu waɗanda aka gaji da su ne a gida da makaranta. Iyaye da dama sun zage ka, sun ce kana koya musu shashanci. Daga baya wasunsu da kansu suke rako 'ya'yan har ƙofa.

Ba zan manta da Dogo ba. Yana da shekara goma sha biyar mahaifiyarsa ta kawo shi, an kore shi daga makaranta saboda faɗa, ya fara shaye-shaye. A rana ta biyu ya yi fushi ya fasa ganga da ƙafa. Na zaci za ka kore shi. Sai ka riƙo hannunsa ka sauko da shi shagona, ka ce in ba shi manne da ƙarfen matse katako, in nuna masa yadda ake yi, amma kada in taɓa masa. Kwana shida ya yi yana gyaran gangar nan. Da ya gama, ka ce ta zama tasa. Shekara huɗu ban ƙara ganin idonsa ya yi ja ba.

Kowace Laraba da la'asar kakan kwashi yaran zuwa asibiti, ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki. Na bi ku sau ɗaya don in ɗauki kaya. Akwai wani tsohon direba da ya yi wata takwas bai furta kalma ba. Ka tambayi matarsa abin da yake yawan saurara a mota, ka sa yaran suka koya. Suna cikin rerawa bakinsa ya fara motsi, ya kama amshin, a karkace amma ana ji. Matar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Da muka fito na ce maka wannan abin mamaki ne. Ka ce, "Ba zai warke ba. Amma yau ta ji muryar mijinta."

Na san wasiƙun da ka yi ta rubutawa ofisoshi kana neman a ba yaran nan wuri na dindindin da malami na biyu, don ni nake raka ka kai su. An yi ta yaba maka, ana ba ka kujera da ruwan sanyi. Amsa ko ɗaya ba ta zo ba.

Kwana uku kafin rasuwarka na zo duba ka. Ƙafafunka sun kumbura, muryarka ta dushe. Ka ce, "Abokina, na yi kuskure. Na koya musu kiɗa, ban koyar da wanda zai koyar ba." Na ce ka kwantar da hankalinka, ɗakin ba zai rufe ba muddin ina raye. Ka dube ni kawai. Ina jin ka san ba zan iya ba.

Ka yafe mini, Malam, ban iya ba. Asabar ta farko bayan an binne ka, ranar da kuka saba haɗuwa, yara goma sha bakwai suka zo suka zauna a kan matakala. Na buɗe musu. Dogo ya ɗauki gangarsa ya fara, wata yarinya ta ɗauki waƙa, ta kai tsakiya ta kuskure. Duka suka tsaya suna kallon kujerarka. Babu mai cewa "A sake," sai ɗaya bayan ɗaya suka sauka. Asabar ta biyu huɗu suka zo. Jiya ba wanda ya zo. Mai ginin ya aiko cewa a kwashe kaya kafin tsakiyar wata mai kamawa, zai mayar da ɗakin sito. Daga asibiti ma'aikaciyar jinya ta kira ta tambaya ko yaran za su ci gaba da zuwa.

Shekaranjiya na hangi Dogo a bayan tashar mota tare da tsoffin abokansa. Na kira shi, ya zo yana sunkuyar da kai, idanun nan sun koma yadda na fara ganinsu. Na ce ya zo ya ɗauki gangarsa kafin a rufe ɗakin. Ya ce, "Baba, ka bar ta. Wa zan kaɗa wa?" Na tsaya a bakin titi da shekaruna sittin da ɗoriya, ina kallo ya koma wurin abokansa, ban iya riƙe yaron nan ba.

Kayanka suna shagona yanzu, na lulluɓe su da tamfol saboda garin katako. Piyanon ne ya gagare ni saukarwa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa jinyar da ya yi ta zama kaffara. Ka saka masa da kowane yaro da ya riƙe lokacin da kowa ya saki. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, da 'ya'yansa mata uku, da ƙaninsa, da mahaifiyarsa da tsufa ya sa har yau take tambaya ko ya ci abinci. Allah Ya ba su haƙuri. Yaran nan kuwa, ya Ubangiji, Kai kaɗai Ka rage musu. Ka dube su.