Mai Gyaran Agogon da Na Sa Ya Yi Kisa

Ranar da mai kayan miyan bakin layinmu ta ƙi amsa gaisuwata, ta sunkuya tana jera tumatirin da ya riga ya jeru, ranar gabana ya fara faɗuwa. Kafin in kai gida saƙo ya cika wayata, duk tambaya ɗaya: "Wai da gaske shi ya kashe shi?"

Tun da na gama sakandare nake rubuta labari a waya, ina sakin shafi-shafi a wani zauren masu karatu. Ni ke rubutawa, ni ke gyarawa. Garinmu Daura na sa a ciki, amma Daurar cikin labarina daban take, babu fetur babu lantarki, komai da tururi yake tafiya. Raƙuman ƙarfe ne ke kai gero Kongolam suna huci ta hanci, ga wata mace mai binciken kisa da tabaranta na tagulla.

Yadda cikin injinan nan yake kuwa, a rumfar wani tsoho mai gyaran agogo na koye shi. Nakan tsaya ina kallo yana ɗaga haƙoran agogo da ɗan hantsaki. Yakan ce, "'Yar nan, ko agogo ba ki da shi, amma kin fi masu shi naci." Har lalatattun haƙora ya tara mini a gwangwanin madara.

Da na zo zaɓen wanda ya yi kisan, sai na nemi wanda mai karatu ba zai taɓa zargi ba. Haka ake yi. Na sa mai gyaran agogo ya zuba wa abokin sana'arsa guba a shayi. Na ba shi ɗingishin tsohon, har da yadda yake goge gilashi da bakin riga. Ban sani ba, wallahi ban sani ba, ashe tun ina firamare abokin rumfar tsohon ya yanke jiki ya faɗi, bai tashi ba.

Mutane suka ce wannan ba labari ba ne, tonon asiri ne. Aka daina kai wa tsohon gyara. Wata rana da hantsi babban ɗansa ya tsaya ƙofar gidanmu, ko sallama babu.

"Ku fito da ita, mai bokon banza! Sai ta maimaita a gaban alƙali, in ma ta kai ranar!"

Inna ta tura ni ɗaki ta ja ƙofa. Kwana huɗu ban leƙa ko soro ba. In babur ya tsaya a waje, sai in ƙara danne ƙofar ɗaki. Na goge labarin, na rubuta cewa ƙirƙira ce kawai. Suka ce ai tsorata ta aka yi.

Rana ta biyar bayan la'asar aka yi sallama. Tun daga takun na gane tsohon ne. Inna ta shimfiɗa masa tabarma a soro, ta kira ni. Na durƙusa na ce "Baba."

"Jikata ta karanta mini shi kaf," in ji shi. "Raƙumin nan naki, in ba ki huda masa mafitar tururi ba, fashewa zai yi." Ya ɗan murmusa. "Amma 'yar nan, duk faɗin garin nan, ni kika ga ya dace?"

Ya gyara zama, ya ci gaba.

"Na rufe rumfa. Garin Dutsi zan koma wurin 'yata, can ba wanda ya san ɗingishina."

Na shiga da gudu na ɗauko gwangwanin, na miƙa masa. Ya dube shi, bai karɓa ba.

"Ajiye abinki. Na yi wa yaron magana, na ce in ya taɓa ki ban yafe masa ba. Babu kotu, babu komai. Ki fita harkarki, ba mai taɓa ki."

Inna tana ta zuba godiya. Ni kuwa ƙafar nan nake kallo, yana jan ta har ya fice daga soro.