Tawadar Allo a Kan Farin Yadi

Ɗan farina shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon garinmu, a ƙasar Kiru. Ban taɓa zuwa bakin fili na tsaya kallonsa ba, domin uba ba ya shiga cikin jama'a yana yi wa ɗan fari tafi. Amma gonata tana bayan filin, kuma akwai tsamiya a kan iyakarta. Duk ranar wasa sai in ga ciyawar gindin tsamiyar nan ta fi ta ko'ina buƙatar noma. Daga nan nake hango shi yana tashi sama yana cafe ƙwallo, in sunkuyar da kai in ci gaba da sara kamar ban gani ba.

Gab da faɗuwar damina mota ta buge achaɓar da ta ɗauko shi daga Kwanar Dangora. Cinyarsa ta karye. Muka yi na mai ɗori, muka yi na asibiti. Ƙashi ya haɗu, amma ƙafar ta gajarce, gwiwa kuma ta ƙi lanƙwasuwa. Tun ranar da aka dawo da shi ya shiga ɗakinsa ya juya fuska ga bango. Hotunan 'yan ƙwallo da ya manna duk ya yage su. Ba ya fitowa sai zagayawa bayan gida da sanda, shi ma sai ya ji tsakar gida babu kowa. Tuwo yakan kwana a kwano. Abokansa su zo su yi sallama, ya yi kamar mai barci, har suka fara rage zuwa.

Abin da nake so bai wuce ɗaya ba: ya fito. Ko ba zai sake tsayawa a raga ba, ya zauna a bakin fili cikin 'yan'uwansa a yi ihu da shi. Amma ta ina zan fara? Sunan mahaifina aka sa masa, don haka ni da uwarsa ba mu taɓa kiran sunansa ba. A hannun kakarsa ya tashi. Tsakanina da shi tun yana ƙarami maganar ba ta wuce, "Kai, an ba tumaki ruwa?" ya ce, "An ba su, Baba." Sau da yawa nakan je ƙofar ɗakin da magana cike da bakina, in tsaya, in yi gyaran murya, in ce, "Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi." Shi ke nan sai in juyo.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a makarantar firamare bayan la'asar. Na daɗe a ajin. Waɗanda muka fara tare wasu sun wuce, wasu sun gaji sun bari, ni ina nan ina bin baƙaƙen a hankali. Malaminmu matashi ne, sa'an yaron nan, tare suka yi wasan ƙasa. Wata rana ya ce kowa ya faɗi abin da yake so a koya masa rubutawa.

"Baba, kai fa?"

"Sunan mahaifina," na ce.

Wani maƙwabcina mai sayar da goro, da ke zaune kusa da ni, ya ce, "Wa ka mayar yaro? Faɗi gaskiya, in sunan bazawara ne ma ai ba za mu kai ƙara gida ba."

Aka yi dariya. Malamin bai yi ba. Ya dube ni, ya juya ya rubuta sunan a allo da manyan baƙaƙe, bai furta shi ba. Na kwafa. Na tsaya ina kallonsa, don ban taɓa ganin sunan tsaye a gabana haka ba.

A gidan kallon ƙwallo na Kwanar Dangora na taɓa ganin wasu ƙyallaye rataye a bango, kowanne da tambarin ƙungiya da sunan gwaninta. Su suka faɗo mini a rai. Abin da baki ya kasa, na ce bari hannu ya gwada. Ranar kasuwar Kiru na yanko farin yadi. Rigar ƙungiyarsu kore ce da fari, sai uwarsa ta fito da wani tsohon koren zanenta ta yayyage, ta ɗinke bakin yadin da shi ta ko'ina.

"Malam, ka kai wa masu zane mana," ta ce. "Suna da fenti."

"Hannunsu daban, nawa daban."

"Na sani. Shi ya sa ma na ce ka kai musu."

Ban kai ba. A zaure nake aikin, inda ba zai gani ba. Na fara gwadawa a ƙasa da tsinke, in zana in share da tafin ƙafa, har sai da kowane abu ya sami mazauni. Raga a sama, ƙwallo a tsakiya, hannaye biyu sun tare ta, sunan garinmu a ƙasa, sunansa kuma can bisa kan komai.

Tawada kuwa ban tsaya tunani a kanta ba. Wadda na sani tun ina makarantar allo ita na haɗa. Na goga gawayi da ruwa, na tace, na jiƙa ƙaro na zuba har ta yi danƙo da sheƙi. Alƙalamin kara ya yi wa yadi siriri, sai na tauna asuwaki ya yi laushi, da shi na riƙa shafawa. Na kife faifai a tsakiyar yadin na zagaye shi.

Uwarsa ta leƙo ta ce, "Wannan ƙwallo ce ko waina?"

"Faifanki ne. In ta karkace, shi za ki tambaya."

Na ɗora hannuna zan zagaye shi, ta ce in dakata.

"Nasa sun fi naka tsawo."

"Yaushe kika auna?"

Ta tsuguna ta ɗora yatsarta a gaban nawa, ta nuna inda kowane yatsa zai tsaya. Haka muka yi duka goman, kanta a sunkuye, ni ma ban dube ta ba.

Sunan shi na bari ƙarshe. Kowane baƙi sai na duba littafina na sake dubawa kafin asuwaki ya taɓa yadi. Da na gama na shanya shi a inuwa. Baƙin ya fito wuluk a kan farin, har ni kaina na ja da baya ina kallo.

Na jira ya zagaya bayan gida, na shiga da ƙusoshi na kafe ƙyallen a bangon da yake juya wa fuska, na fita kafin ya dawo. Bangon gabas ne. Yaro ƙarami ma ya san ta gabas ruwa yake zuwa, kuma gininmu na ƙasa ne. Ni dai inda idonsa yake kawai na duba.

Da ya dawo ya kwanta kamar kullum. Amma washegari uwarsa ta nuna mini kwanonsa, ya cinye tuwon. Bayan kwana kaɗan ta ce ta same shi zaune, ba kwance ba. Abokansa biyu suka zo, wannan karon ya amsa sallama. Ina zaure ina gyara ƙotar fartanya ina jiyo su.

"Kai, wa ya yi maka wannan? Waɗannan hannayen ai ko bijimi ya taho sai sun riƙe shi."

"Shi ya sa ku ba ku taɓa ci na ba," in ji shi.

"Ji ƙarya. Ta wasan Tudun Wada fa, da ta bi ta tsakanin ƙafafunka?"

"Rana ce ta shiga mini ido."

Suka yi dariya, har da shi. Na ajiye ƙotar na fita bayan gari, don kada wani ya shigo ya ga fuskata. Suka yi masa alkawarin za su zo da achaɓa su kai shi kallon wasan da za a yi da mutanen Ɗansoshiya, bai ce a'a ba.

Kafin ranar wasan marka ta sauka. Ina gona bayan azahar hadari ya haɗo, aka yi ruwa da iska irin mai kwantar da dawa. Na fake a bukka har ya tsagaita. Uwarsa kuma ta tafi gidan suna ruwan ya tsare ta. Da na iso gida na ga ƙofarsa a buɗe, sandarsa yashe a bakin ƙofa.

Yana ƙasa, a gindin bangon. Iska ta ɗaga kwanon rufi ta gefen nan, ruwa ya biyo bango ya jiƙe yadin sharkaf. Sunan ya narke ya gangaro kan raga, raga ta gangaro kan hannaye, duk suka haɗu suka zama baƙin ruwa yana ɗiga a ƙasa. Ƙusa ɗaya ta cire, kusurwar yadin tana reto. Tafin hannayensa biyu baƙi ƙirin.

Na tsuguna zan ɗaga shi. Rabon da in taɓa jikinsa tun yana jariri, shi ma a ɓoye.

"Na ga ya fara zuba, na tashi in cire," ya ce. "Ƙusa ta sama ce kawai, Baba. Na yi tsalle."

Tsayin ƙusar nan, da can ko miƙa hannu ba sai ya yi sosai ba.

Ni da na yi shekaru ina wanke allo da hannuna, na san amfanin tawadar nan ke nan, a rubuta a wanke a sake rubutawa. Ban san me ya sa na ɗauka in da baƙaƙen boko aka yi rubutun zai zauna ba. Na ce masa gobe zan je Kiru in sayo fenti, in sake wani wanda ko a rafi aka jefa ba zai goge ba.

"Kar a sake, Baba."

"Yadin ma sabo zan yanko."

"Na karanta, na gode. Amma kar a sake. Wanda ka zana ɗin nan ba ya nan."

Ranar wasan abokansa suka zo da achaɓa, ya ce a ce musu yana barci.

Ya fito daga baya, bayan an yanke dawa. Ba zan ce bai fito ba. Ƙanen uwarsa ya sama masa zama a wata rumfa a Kwanar Dangora, yana sayar da fetur a kwalba. Kullum da safe yakan ɗingisa ya bi ta bayan masallaci zuwa bakin titi, hanya mai nisa, don ta kusa ta gaban filin take bi. In masu achaɓa suka fara gardamar ƙwallo a rumfar, sai ya tashi ya hau wanke kwalabe. Yana gaishe ni da ladabi, ina amsawa. Maganarmu ta koma yadda take.

Ina zuwa aji har yanzu. Malamin ya taɓa tambayata ko sunan ya zauna mini, na ce ya zauna. Nakan rubuta shi a ƙasa da tsinke in na zauna hutawa a gindin tsamiya, in share kafin in tashi. Wani yaro ne yake tsare wa ƙungiyar raga yanzu, ban san ɗan gidan wa ba ne.

Yadin uwarsa ta wanke shi, ya fita tas, sai ɗan duhu-duhu a tsakiya. Koren bakin yana nan. A kansa take shanya kuɓewa.