Farfela Mai Kunne Uku

Ni Bakatsine ne, kuma ruwa mafi girma da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan kasuwarmu, wanda jaki ke ratsawa bai jiƙa ciki ba. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, ba don kai ya ƙi ba, malamai ne suka hango idan na wuce nan zan fi ƙarfinsu. Saboda haka duk wanda ya ji ina zancen jirgin ruwa ya saurara da kunnen rahama. Amma a kan farfela, wannan fankar da ke juyawa cikin ruwa a bayan inji tana tura jirgi, na yarda a tara mini masana in ba su darasi, don a kanta aka yanke mini hukunci a Doha.

Direba na zo ƙasar nan. Shekara da shekaru ina tuƙa wani dattijo Balarabe da duk gidan ke kira Yuba, wato baba, har ni ma na bi sahu. Sai tsufa ya kama mu tare kamar mun yi shawara. Shi ƙafafu suka ƙi, ni ido ya fara ganin danja biyu-biyu. Babban ɗansa, wanda shi ne kafil ɗina yanzu, mai sa hannu a sabunta mini takardar zama duk shekara, ya karɓe mukullin mota ya miƙo mini keken guragu, ya ce, "Hajji, ga sabuwar motarka." A cikin gida akwai nas, wata 'yar Jos, ita ke kula da magani da abincinsa. Nawa aikin na waje ne: in an fita da Yuba ni ne inji, ni ne birki. Ba wanda ya taɓa faɗa mini, amma na sani. Muddin yana fita ina da aiki. Ranar da ya daina fita, in nemi kwalin ɗaure kaya.

Fitar da ta rage masa kuwa guda ce, teku. Ɗan masunta ne tun kafin a yi waɗannan dogayen benaye, kuma ko sunayen jikokinsa sun ɓace masa, iskar teku ba ta ɓace masa ba. Don shi aka sayi jirgin. Ba irin mai tsinin bakin nan ba ne. Ku ɗauka an samo dogayen tankunan alminiyon biyu, an kwantar da su a ruwa, an shimfiɗa daɓe a kai, an kewaye da kujeru, an kafa rumfa. Zaure ne kawai aka ɗora wa inji. Amfaninsa, keken Yuba yana hawa ba sai an ɗaga shi ba.

Duk Juma'a bayan la'asar, in zafi ya sassauta, sai a yi lodi. Yuba da kekensa, ni, kafil da matarsa, ƙannensa mata da 'ya'yansu, tukunyar shinkafa da kifi wadda sai mutum biyu, kula ta ƙanƙara, fulas-fulas na karak, shayinsu mai madara, tabarmi, gawayi. Jirgin ya nutsa har wuya, injin ya kama nishi kamar tsohuwar tifa a kan tudu, mu nufi tsibirin Safliya a hankali. Ni dai ina riƙe da keke da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da ƙarfen rumfa, ina karanto duk addu'ar da na iya har da ta shiga kasuwa. Yuba kuwa sai ya lumshe ido yana shaƙar iska, wani lokaci ya kama wata waƙar masunta da ba mai amsa masa. Samarin gidan, 'ya'yan kafil, su suke shan wuya. Abokansu su wuce mu a jirage masu gudu, su watsa mana ruwa suna ɗaga hannu, samarin su sunkuyar da kai kamar an kama su a kan jaki ranar salla.

Wata Juma'a ruwa ya janye fiye da yadda aka zata, farfela ta daki wani abu a ƙasa, kunne ɗaya ya lanƙwashe. Da ƙyar muka dawo, jirgin yana rawar ɗari. Kafil ya ce khalas, wato magana ta ƙare, sai an sayi sabuwa.

A unguwar Mansura nake kwana, ɗaki ɗaya da wani Bakabe mai gadin wani bene, wanda ya tashi a bakin kogi kuma bai taɓa barin in manta ba. Na ba shi labari ina jiran ya tausaya.

Ya ce, "Kai bawana, mi kas sani ga ruwa in ba na alwala ba?"

Na ce, "Ubangidanka dai. Ku da kifi ya rene ku, faɗa mini, ba duk farfela farfela ce ba?"

Ya yi dariya har ya dafa gadon sama. Ya ce, "Ji Bakatsine! To duk giya giya ce? Kai da ka tsufa bisa sitiyari. Injin ruwa ba ya da giya ta ɗaya da ta biyar. Farfela ita ce giyar, kuma guda ake sa mashi, da ita za ya zauna. Akwai mai gajeren taki, ita ka jan kaya. Akwai mai dogon taki, ita ka gudu. Za a tambaye ku mutum nawa ka shiga. Ka buɗe baki ka yi magana, kada ka tsaya kamar an dasa ka."

Na ce masa ba a koya wa Bakatsine magana. Amma na kwana ina juya abin, don na gane inda ya dosa tun kafin shi ya gane.

Da safe aka tafi Sana'iyya, unguwar makanikai, da ni da kafil da babban ɗansa. An tafi da ni ne don in riƙe tsohuwar farfelar kada ta ɓata kujerar mota. Mai shagon wani Ba'indiye ne mai furfura a gemu, yana magana da Larabcin nan namu na baƙi wanda ba nahawu ba kunya. Ya duba lanƙwasasshiyar, ya tambayi ƙarfin injin, ya shiga ciki ya fito da guda biyu ya ajiye a kan kanta.

Ta farko baƙa ce, ta alminiyon, kunnuwa huɗu faffaɗa kamar ganyen gwaza. Ta biyu tana ƙyalli, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, kunne uku, a karkace kamar wuƙaƙe. Ko ni da ban san kome ba na san wadda ido ke so.

Ya dafa baƙar ya ce wa kafil, "Mudir, maigida, wannan ta iyali ce. Ka cika jirgi, za ta tashi da shi ba nishi, kuma wajen tsayawa a gaɓa ba ta gardama. Gudu kam babu. Wannan kuwa," ya shafa mai ƙyallin, "gudu. Amma jirgi ya zama ba nauyi. In ka yi mata lodi injin zai wahala, wata rana ya kwanta maka. In kuma ka sa baƙar ka fita ku kaɗan ka buɗe wuta, injin zai yi ta ihu a banza. Saboda haka gaya mini gaskiya, yawanci mutum nawa?"

Na gyara murya. Wallahi na buɗe baki, Bakabe shaida ne ko da ba ya wurin. Na fara, "Akwai Yuba, da kekensa, keken ma da nauyi, sannan ga..."

Kafil bai daka mini tsawa ba. Da ma ya yi, da na sami abin riƙewa. Hannu kawai ya ɗora a kafaɗata, a hankali, yadda ake yi wa mutumin da ake girmamawa. Ya dubi ɗansa, ɗan ya dubi mai ƙyallin. Sannan ya ce wa mai shago, "Huɗu."

Ba'indiyen ya ɗan kalle ni. Ya ce, "Huɗu kullum?"

"Huɗu. Yaran da abokansu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗauki duka biyun mana. Ranar Yuba a sa baƙar." Mai shagon ma ya gyaɗa kai, ya ce canzawa ba wuya, noti ɗaya ne da fil.

Kafil mutum ne da in ya so zai sayi shagon da Ba'indiyen a ciki. Ya ce, "Hajji, Yuba ya gaji. Likita ma ya ce rana ba ta yi masa kyau. Yalla, mu tafi."

Likita dai bai fara faɗin haka a makon nan ba, kuma bayan la'asar muke fita. Ban ce ba. Ni na rungumo mai kunne ukun zuwa mota, a cikin kwalinta, kamar wanda aka ba jariri ranar suna. Tana da nauyi ƙwarai, abin da ba a zata ga mai gudu.

Kada a ce na yi wa kafil sharri, ba mugu ba ne. Ya ɗauki ubansa shekaru a kan wannan zauren na ruwa, yana jin 'ya'yansa suna tsaki. Mutum yana gajiya da jan kaya, ko da kayan ubansa ne. Ni ma da aka yi tambayar ai ba don Yuba kaɗai na buɗe baki ba.

Juma'ar da ta biyo na roƙa a bar ni in kai Yuba bakin ruwa ko kallo ya yi. Aka yarda, direban da ya gaje ni ya sauke mu. Samari huɗu suka hau, aka tayar. Jama'a, in faɗi gaskiya ko da a kaina take, Ba'indiyen nan ya san aikinsa. Zauren nan da na sani yana tafiya kamar mai ciwon baya sai ga shi ya ɗaga hanci ya tsaga ruwa, farin kumfa na bin sa. Kafin in gyara wa Yuba hula sun zama ɗigo.

Yuba ya ce, "Jirgin wa ke nan?"

Na ce, "Na wasu yara ne, Yuba."

Ya ce, "Ba su da hankali. Kifi zai gudu." Can kuma ya ja hannun rigata. "Namu fa? Yaushe za mu shiga?"

Na ce ana gyara. Ya gyaɗa kai, ya ce gyara yana da kyau, kada a yi gaggawa. Muka zauna har aka kira magariba, yana ta ba ni labarin yadda ake gane iskar arewa tun kafin ta iso, ni kuma ina cewa na'am. Mako na gaba da na sake roƙo aka ce direba yana da aiki. Na bayansa ban roƙa ba.

Maganar sallamata ta zo kafin wata ya ƙare, a falo, da shayi a gabana, wanda ba a saba ba ni a falo ba. Kafil ya ce na yi musu hidimar da ba za su iya biya ba, lokaci ya yi da zan je in huta cikin jikokina. Na yi godiya, har da addu'a mai tsawo, don in an kore ka da ladabi kai ma sai ka fita da ladabi. Jikokin nan kuwa a waya suka san ni. In na shiga gidan sai an gabatar da ni.

Shekaranjiya na je sallama da aiki. Na ce bari in nuna wa nas sirrin keken, don ƙafar hagu tana ja gefe in an hau gangara, sai ka danna da gwiwa, kuma birkin dama ba ya kamawa sai an ɗaga shi sau biyu. Na durƙusa ina nuna mata dalla-dalla, kamar mai miƙa ragamar mulki. Ta bar ni har na gama, yarinyar kirki ce. Sannan ta ce, "Baba, sannu da ƙoƙari. Amma daga ɗaki zuwa falo ne kawai, ba gangara."

Na ce haka ne, 'yata. Na dafa keken zan miƙe, gwiwa ta ƙi, sai da nas ta kama ni.