Littafin da na ɓoye cikin buhun shinkafa

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari na aji shida, son karanta labarai ya kama ta. Ni kuwa aji uku na tsaya, da ƙyar nake haɗa baƙi. Babanta ya kafa sharaɗi: ranar da littafin banza ya shigo gidanmu na Wurno, an gama da karance-karance, sai na makaranta. Kuma ni ya ɗora wa tsaron.

Wata rana ƙanena ya dawo daga kasuwar Goronyo da littattafan Hausa biyu. Ɗaya a bangonsa wata halitta ce mai ido uku, tsaye kusa da wani jirgi kamar faifai. Ɗayan kuwa wata baiwar Allah ce cikin hijabi har ƙasa, ga furanni. Ni mai wayo, na cusa mai ido ukun cikin buhun shinkafa, na miƙa wa yarinyar mai hijabi, har da sa albarka.

Da la'asar ina tsintar shinkafa, na ce ta karanta mini in ji. Ta fara tiryan-tiryan. Can sai na lura bakinta ya tsaya, idonta na ta gudu. Ta juya shafi biyu a haɗe ta ci gaba. Ɗazu ana gaisawa a zaure, yanzu wai gari ya waye.

Na ce, "Mi kit tsallake?"

Ta sunkuyar da kai. "Inna, ba ni iya faɗi nai gabanki."

Washegari na kwashi duka biyun na kai wa yayar mijina, malamar makaranta ce a Rabah. Bayan mako ta dawo mini da su, ta ce mai hijabin cike yake da ashar da batsa. Mai ido ukun kuwa labarin wasu manoma ne da ruwa ya ƙare a duniyarsu, suka hau jirgi zuwa nema a wata duniyar. Ko zagi ɗaya babu. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Amarya, kin tsare dodo, kin buɗe ma mai hijabi ƙofa."

Da bakina na gaya wa babanta, na ce laifina ne, kada ya hana yarinya. Daga nan ya ce ta ɗauko mai ido ukun. Ta karanta babi biyu, bakinta bai tsaya ko sau ɗaya ba. Da ta rufe, mutumin da nake jira ya yanke hukunci sai ya ce, "To, sun samu ruwan ko ba su samu ba?"

Har yau kowane littafi sai ya fara zuwa Rabah, sannan a karanta shi a tsakar gida. Karatuna bai ƙaru ba, amma na daina duban bango. Bakin mai karatu nake kallo.