Kuɓewa Mai Tsumma

Ƙaiƙayin ganyen kuɓewa ne ya mayar da ni gida yau da safe, ina tsaye a saman benen da nake haya a Guangzhou. Zafin garin nan bai tafi ba tukuna, amma iska ta fara bushewa, ruwan sama ya ja baya.

A irin wannan lokaci, ƙarshen damina, kakata ba ta zama. Raɓa ta yi yawa a lambunta na bayan gida, ganyen kabewa ya yi rawaya, fara ta cika ciyawa. Mu jikoki mu tuge yakuwar da ta tsufa, mu yanka kuɓewa mu shanya a tabarma, hannu na ta ƙaiƙayi. Ita kuwa ta bi layi da tsohon zane, tana yagar tsumma tana ɗaura wa 'ya'yan da suka fi ƙiba. Mai tsumma ba a taɓa shi sai ya bushe a jikin uwarsa ya fara tsagewa.

"Wannan ba na miya ba ne, na baɗi ne," in ji ta. "Wanda ya tsinka, ni da shi."

Ta rasu, an raba gida, lambun ya zama shaguna. Abin da ya rage na irinta ɗan ƙulli ne da mahaifiyata ta cusa mini a jaka. Bana na shuka shi kaf a bokitai, kusa da kayan lambun tsohuwar da ke ba ni haya. Da mahaifiyata ta ji ya yi 'ya'ya, sai ta ce, "Ka taho mini da irin tsohuwa, nan babu ko ƙwaya." Na yagi tsohuwar riga na ɗaɗɗaura.

Sai aiki ya riƙe ni. Yawon kasuwar Shahe, ɗaurin kaya, jiran awon kayan a unguwar Baiyun, in dawo da kumburarriyar ƙafa in zube. Na kwana biyu ban hau sama ba. Yau da na hau, babu ko ɗaya cikin 'ya'yan da na ɗaure. Tsummokaran na bakin bokiti, an ninke su tsaf.

Tsohuwar mai gidan ta taho da kwando tana murmushi. Da hannu ta nuna mini sun fara tauri, za su lalace, shi ya sa ta tsinke mini. Na fasa ɗaya, ƙwayar ciki fara ce, ɗanya, ba za ta tsiro ba. Furen kuma ya ƙare. Ba ni da yaren bayani, ba ni da ƙarfin fushi, alheri ta yi niyya. Na yi mata godiya da yarensu na karɓi kwandon.

Na gaji, wallahi. A gida ko yaro ya san abin da tsumma ke nufi, a nan ni kaɗai na sani. Da rana na kaɗa miya da su, ta yi zare-zare, na zauna ina ci. Waya ta yi ƙara, na duba, mahaifiyata ce. Na bar ta tana ƙara har na share kwanon.