Ƙwan Zabi a Rigar Saje Ishaya

Saje Ishaya bai taɓa kiwon komai ba sai da ya haura shekara sittin da biyar. A Manga aka haife shi. Ya yi golmo a gonar surukansa, wato noman da saurayi ke yi kafin a ba shi mata, ya samu Dinah, damina ɗaya bayan biki ya ajiye fartanya ya shiga soja kamar yayyensa. Barikin Kaduna, na Fatakwal, na Jos, duk inda suka sauka Mama Dinah sai ta samu lungu ta ajiye kaji. Shi kuwa a cikin miya yake gamuwa da su.

Da ya yi ritaya suka dawo Zuru, ya gina ɗan gida mai kallon duwatsu. A coci aka ba shi aikin tsayawa bakin ƙofa yana nuna wa mutane wurin zama, har waɗanda suka shekara ashirin a benci ɗaya. Ba shi da yawan magana. Amma in ya ce zai zo, to a shimfiɗa tabarma.

Jikokinsa uku suka dawo hannunsa lokacin da aka tura babban ɗansa Ebenezer aiki arewa maso gabas: Michael, Gabriel, da autarsu Keziah mai shekara shida. Ebenezer ya ce a waya zai zo Kirsimeti, bai samu hutu ba. Ya ce Ista, bai samu ba. Saje ya fi kowa sanin ba laifinsa ba ne. Keziah dai tun daga nan, ko alewa aka ce za a sayo mata, sai ta kalli mutum ba fushi ba kuka ta ce, “Haka kuke cewa.” Wannan magana tana damun tsohon fiye da ciwon gwiwarsa.

Cikin damina jar kazar gidan ta fara kwanci, daidai lokacin da Mama Dinah ta tafi Bena zaman jego wajen 'yarsu. Saje ya tara yaran ya ce za a yi kiwo, kowa da nasa. Mazan suka zaɓi ƙwan kazar, kowa ya yi wa nasa alama da gawayi. Keziah ta ce ita na zabi take so, guda ukun da maƙwabcinsu Malam Lukuman, mai sayen hatsi, ya kawo tsaraba daga Ribah. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, kaza ake ba wa ƙwanta, wannan kam Saje ya sani. Ya jera su duka a akurki rana ɗaya, ya ɗora kazar a kai.

“Kaka, 'ya'yan zabina za su fito?”

“Za su fito.”

“Haka kuke cewa.”

“Amaryata, ni ba ‘kuke’ ba ne. Ni Saje ne. Na ce za su fito.”

Bayan mako uku kaza ta ƙyanƙyashe nata. Michael da Gabriel suka yi ta tsalle suna gardamar wane tsako ne na wa, don alamar gawayin ta tafi da ɓawo. Washegari kazar ta miƙe, ta karkaɗe jiki, ta ja 'yan tsakinta zuwa gindin rumbu. Ƙwan zabi uku suna nan yadda aka ajiye su. Saje ya kamo ta ya mayar, ta tashi. Ya kife ta da kwando, ta tsaya a tsaye tana ihu. Keziah tana zaune a dokin ƙofa tana kallo. Da ta yi kuka ma da ya fi masa sauƙi.

Ya kira Mama Dinah a waya.

“Baban Ebenezer, yaushe ka sa na zabin?”

“Rana ɗaya da na kazar.”

Sai ya ji tana kiran 'yarsu: “Zo ki ji abin da ubanki ya yi.” Ta dawo kansa. “Na zabi ana riga sa shi da mako guda, don su fito tare. Kaza in ta ga nata ba ta jiran na kowa. Wa bai san wannan ba?”

“Ba a rubuta a jikinsu ba.”

“To sai ka kwanta musu da kanka.”

Ya san gatse take yi. Ya zagaya unguwa neman kaza mai kwanci, bai samu ba. Wadda ya aro don gwaji ta saki kashi a akurkin ta tsallake katanga ta koma gidansu. Wutar lantarki kuma, da za a ɗumama su da ita, sai ta ga dama take zuwa. Kafin azahar ya ga gatsen matarsa shi kaɗai ne shawarar da ta rage.

Ya ɗauko tsohuwar safarsa ta soja, ya zuba ƙaiƙayi, ya sa ƙwan a ciki. Ya ɗaure safar a cikinsa da ɗankwalin Mama Dinah, ya ɗora rigar sanyi, ya ɗora babbar riga. Ya daina hawa babur. Ya daina sunkuyawa. In abu ya faɗi sai ya kira Gabriel. Barci a kujera yake yi, a zaune. Safe da yamma yakan kwance ɗaurin ya juya ƙwan kamar yadda ya ga kazar tana yi da baki, Keziah tana tsaye tana dubawa kamar mai duba fareti.

Malam Lukuman ya same shi a ƙofar gida yana zufa.

“Saje, barka da arziki. Wata nawa ne?”

“Wuce, Lukuman.”

“Ni dai a gaya mini ranar suna in shirya. Mama ta tafi jego Bena, ashe mai jegon yana gida.”

“Kai ka kawo su.”

“Don a soya na kawo, wallahi. Mi ya kai ka?”

Ranar Lahadi ta zo, ƙwai ba su motsa ba. Saje bai taɓa fashin coci ba, don haka ya tafi da su. Ya tsaya bakin ƙofa yana gaisawa da hannu ɗaya, ɗayan yana kare cikinsa. Matan zumunta suka yi ta yi masa sannu. Wata ta ce 'yar uwarta ma haka ya fara mata, ta faɗa masa sunan wata saiwa.

Ana tsakiyar addu'ar Dattijo Haggai, wanda in ya fara sai ya bi ta kan marasa lafiya, matafiya, gwamnati da damina kafin ya kai amin, Saje ya ji wani ɗan ƙwanƙwasa a cikinsa. Ya tsaya cak. Sai ga ƙara siririya daga ƙarƙashin riga. Yaran bencin baya suka buɗe ido. Dattijo Haggai ya dakata, ya ji shiru, ya ci gaba da gwamnati. Ƙarar ta sake fitowa.

Saje ya taka a hankali har bencin yara, ya taɓa kafaɗar Keziah. Suka fita, shi a gaba yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, ita a baya. Ba a taɓa ganin ya bar coci kafin a sa albarka ba.

A gida ya kwance ɗankwalin a kan tabarma. Ƙwai ɗaya ya huje. Ɓawon ƙwan zabi da tauri, suka daɗe zaune suna kallo. Ta miƙa hannu za ta taimaka, ya ce a'a, a bar shi ya yi aikinsa. Can wajen la'asar abin ya fito, jiƙe, da jajayen ƙafafu da zane-zane a ka, ya kife a ƙaiƙayi yana haki.

Keziah ta daɗe tana kallonsa.

“Mummuna ne.”

“Zai bushe.”

“Sauran biyun fa?”

Saje ya kara su a kunne, ya girgiza a hankali. Ruwa ne ke motsi a ciki.

“Waɗannan ba za su fito ba. Sanyi ya kama su ranar da kazar ta tashi.”

“Ka ce za su fito.”

“Na ce. Ɗaya ne ya fito.”

Ta duba tsakon, ta duba cikin kakanta, inda ɗankwali ya bar jan sawu da ƙuraje kewaye. Ta kai yatsa ta taɓa.

“Da zafi?”

“Kaɗan.”

“Me yake ci?”

“Gara. Gobe da safe za mu je bayan dutse mu haƙo masa.”

Ya jira amsar da ya saba ji. Keziah ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ɗan bokitinta da ƙaramar fartanyar Mama Dinah, ta ajiye su kusa da takalmansa.